Farin Kati a Bayan Noreen

Tun kafin su bar gida Noreen Entwistle ta gaya wa yayarta Glenys cewa bana ba yawon shan iska za su je ba, sauri za su yi. Ta faɗa a kicin, ta maimaita a mota, ta sake faɗa lokacin da suke neman wurin ajiye motar a bayan filin ƙwallo. Duk sa'ad da ta faɗa sai Glenys ta ce, "Na ji mana, ai ni ba kurma ba ce," tana gyara zaman kunnuwan zomon da ke kanta a madubi.

Kowace shekara a watan Yuni matan garinmu sukan yi tattakin dare don tara wa Gidan Tudu gudummawa. Gidan Tudu shi ne inda ake kai mara lafiyar da likitoci suka yi iya yinsu a kansa, a sauƙaƙa masa ciwo, ya ƙarasa kwanakinsa cikin mutunci. Da wuya ka sami gida a garin da wani nasu bai taɓa kwanciya a can ba. Akan tashi daga filin ƙwallo bayan duhu ya sauka, a ratsa kasuwa, a gangara bakin ruwa, a haye gada, a hau tudu a wuce ta ƙofar gidan jinyar, sannan a zagayo. Kowace mace da riga ruwan hoda da kunnuwan zomo masu walƙiya. Ba wanda ya tuna wa ya fara kawo zancen zomon, ba kuma mai tambaya.

Shekara da shekaru mijin Noreen, Clifford, shi ne mai tsayuwa a bakin gada da tocila, yana nuna hanya yana tsokanar mata. "Hagu, 'yan mata, hagu! Wadda ta faɗa ruwa ta yi ta kanta, ni ban iya iyo ba!" Tsohon direban bas ne, muryarsa kuwa ta isa ta tashi unguwa. Bana Clifford yana kwance a Gidan Tudu, a wani ɗakin sama mai kallon titi. Ya sa an kawo masa tocilarsa daga gida. Ya ce zai zauna a taga, da zarar ya hango ta zai haska mata, ita kuma ta ɗaga masa hannu, shi ke nan. Bai roƙi komai ba ban da wannan.

Nas ɗin da ke kula da shi, Marisol, ta ja Noreen gefe da yamma ta yi mata bayani. Maganin dare yana sa shi barci mai nauyi. Za ta jinkirta masa har sha biyu, amma ba za ta wuce haka ba, domin daga nan ciwon ke tasowa, ita kuma ba za ta bar shi ya sha wuya saboda tocila ba. Noreen ta ce gaskiya ne. Ba ta tambaya ko zai ga tattakin baɗi ba. Nas ɗin ma ba ta ɗauko zancen ba.

Wannan shi ne dalilin saurin. Mace mai ƙafa irin ta Noreen za ta isa tudun da sauran lokaci a hannunta, in dai an bar ta ta yi tafiyarta.

A bakin filin akwai tebur da ake ajiye katunan da masu tattaki ke maƙalawa a baya. Iri biyu ne. Mai ruwan ɗorawa na wanda yake jinya ne, an buga masa "Ina tattaki domin," sai ka rubuta suna. Farin kuwa an buga masa "Don tunawa da marigayi." Noreen tana can tana bin layin karɓar lamba, sai Glenys ta ce bari ta rage mata aiki. To, Glenys ta baro tabarau ɗinta a gida, don a cewarta tabarau da kunnen zomo ba sa shiri. Ta dubi katunan nan, ta ga fari ya fi dacewa da ruwan hoda, ta ɗauka ta rubuta.

"Juya in maƙala miki," in ji ta.

"Kin dai rubuta sunan daidai?"

"Shekara nawa ina cin abinci a gidansa? Sunansa ne zai gagare ni?"

Noreen ta juya. Glenys ta kafe katin da fil har huɗu, kowace kusurwa da nata. Mutum kuwa ba ya ganin bayansa.

Noreen ta so su tsaya a sahun gaba. Amma sai da Glenys ta ɗauki hoto da wata tsohuwar abokiyar aikinta, sai da ta shiga rawar motsa jiki da wata yarinya mai lasifika ke jagoranta, sai da ta koma mota ɗauko alewa. Ko da aka busa usur, suna tsakiyar taro, gaba mata, baya mata, kunnuwa na ta walƙiya kamar an zubar da taurari a titi.

Ba su kai kasuwa ba wata mata ta dafa kafaɗar Noreen ta ce, "Sannu. Gaskiya ke jaruma ce." Noreen ta ce na gode, ta ɗauka zancen jinya ne. Can wata ta matse mata hannu, idonta fal da hawaye. Noreen ta ce a ranta, mutanen garin nan dai akwai kirki, amma da za su yi kirkin suna tafiya da ya fi.

A gaban shagon mai soya kifi ne wata dattijuwa mai sanda ta saƙalo hannunta a cikin nata. 'Yar ƙarama ce, farin gashi, kunnuwan zomonta sun karkace gefe ɗaya.

"Ki gafarce ni, 'yata," in ji ta. "Ni ce Misis Haworth, daga layin tsohuwar masaƙa. Ban ji labari ba sai da na karanta a bayanki. Ashe Clifford ya rasu? Ba shi ne mai tocilar gada ba? Allah ya ji ƙansa."

Noreen ta buɗe baki.

"Nawa Arnold ya tafi cikin sanyin nan da ya wuce," tsohuwar ta ci gaba, "a can Gidan Tudu. Tun daga ranar ban sake fita da dare ba. Ɗazu a filin ƙwallo har na juya zan koma gida. Kowa da ƙawarsa, kowa na dariya, ni kaɗai tsaye kamar an dasa ni. Sai na ga katinki, na ce ga wadda ta san abin da ke cikina. In ba zan takura miki ba, in bi ki?"

A garinmu, idan mutum ya yi kuskure a kanka, kana da ɗan lokaci kaɗan ka gyara masa, kamar tsawon kurɓin shayi ɗaya. In ka bari ya wuce, to bakin alƙalami ya bushe. Akwai wani Derek a layin su Noreen da maƙwabcinsa ke kira Dennis tun 'ya'yansu suna goye, kuma har yau amsawa yake, don kada ya ba mutumin kunya. Noreen ta dubi ƙaramin hannun da ke riƙe da ita. Kurɓin shayin ya wuce.

"Ba komai," ta ce. "Mu je."

Ta jira har Misis Haworth ta tsaya gyara igiyar takalmi, sannan ta finciko Glenys ta yi mata raɗa.

"Wane kati kika sa min?"

"Katin Clifford mana."

"Wane launi?"

"Fari. Ya fi yin kyau da rigar."

"Glenys, na matattu ne!"

Glenys ta leƙa bayanta, ta kai fuska kusa har hancinta ya kusa taɓa katin, ta kanne ido ɗaya. "Au," ta ce. "To su ma me ya sa suke rubutu ƙanana haka?"

"Cire min shi."

"Yanzu? A gabanta? Ki ce mata me, ya tashi?"

Misis Haworth ta miƙe, ta sake saƙalo hannunta, suka ci gaba. Tafiyar tsohuwar tafiyar hawainiya ce: a ajiye sanda, a kawo ƙafa, a huta, a sake. Mata suka riƙa wuce su ta dama da hagu. Duk wadda ta zo ta bayansu sai ta karanta, duk wadda ta karanta sai ta rage sauri ta yi gaisuwa, domin ba wadda ba ta san mai tocilar gada ba. "Sannu da haƙuri, Noreen." "Yaushe abin ya faru?" "Mutumin kirki, ga ban dariya." Noreen ta riƙa gyaɗa kai tana cizon leɓe. Ba ta ce ya mutu ba, ko sau ɗaya. Ba ta kuma ce yana raye ba.

Da suka gangara bakin ruwa aka fara yayyafi. Noreen ta ji daɗi a karo na farko a daren nan. Ta kwance rigar ruwan da ta ɗaura a ƙugu, ta ce yanzu dai katin zai shige ciki a huta. Ta sa hannu ɗaya ke nan ta ga Misis Haworth tana ƙanƙame jiki, ba ta da komai sai 'yar rigar tattakin.

"Arnold ne mai tuna min da rigar ruwa," in ji tsohuwar. "Kullum sai ya leƙa sama ya ce, ɗauki rigarki."

Noreen ta zare hannun da ta sa, ta lulluɓa mata rigar, ta ja mata zif har wuya. Katin ya zauna daram a inda yake. Na roba ne ma, ruwa ba ya yi masa komai.

A bakin gada wani ne bana riƙe da tocila. Trevor ne, abokin aikin Clifford tun suna samari a tashar bas, ƙato mai taushin zuciya. Ya ga Noreen ya washe baki. "Ga uwargidan maigida! Yaya mutumin nawa?" Kafin ta amsa, wata mata daga baya ta ja shi ta nuna masa katin. Hasken tocilar ya sauka a bayan Noreen ya daɗe a can.

Trevor ya cire hularsa.

"Jiya-jiyan nan," ya ce, murya na karyewa, "na ce wa matata gobe zan je in duba shi. Gobe, gobe. Ga goben."

Noreen ta juya masa fuska yadda Misis Haworth ba za ta gani ba, ta shiga ƙifta masa ido, tana girgiza kai a hankali. Trevor ya dube ta ya ce, "Kada ki riƙe kukan, Noreen, ki bar shi ya zubo. Ba abin kunya ba ne." Sannan ya shiga tsakiyar gada ya buɗe hannuwa ya tare hanya.

"Jama'a, ku dakata! A nan wurin Clifford Entwistle ya tsaya shekara da shekaru, ruwa da iska, don kada ɗayarku ta ɓata. Mu yi masa shiru na minti ɗaya."

Gada ta yi tsit. Mata suka sunkuyar da kai, kunnuwa na ta walƙiya a kan ruwa. Misis Haworth tana kuka a hankali. Glenys ma, wadda ta san gaskiya sarai, har da share ido. Noreen ta tsaya cikinsu tana kallon tudun da ke can gaba, inda fitilun Gidan Tudu ke ci, tana jin kamar ta kama Trevor da tocilarsa ta jefa a ruwa. Mintin Trevor kuwa ba irin na agogo ba ne. Sai da wata ta yi tari sannan ya mayar da hularsa.

Masu ƙafa suka wuce, suka kama hanyar tudu da labari a bakinsu. Noreen ta hango Trevor ya koma gefe da waya a kunne.

"Ke kuma kukan me kike yi?" ta ce wa Glenys ƙasa-ƙasa.

"Ai maganar tasa ce ta taɓa ni."

"Ni ma zan taɓa ki in mun koma gida."

Bayan gada akwai zauren coci inda ake tsayawa a sha ruwa a zaga. Noreen ta ce su wuce. Glenys ta ce in suka wuce, to a shirya ganin abin kunya a titi. Misis Haworth ma ta ce tana so ta ɗan zauna. Layin banɗakin ya fito har waje ya lanƙwasa ta jikin katanga, kuma mutanenmu sun fi yarda su rasa jirgin ƙasa da su tsallake layi. Noreen ta tsaya tana duban agogon hannunta, tana buga ƙafa.

Sai ta ji muryar yayarta, da ƙarfi, cikin ladabi: "Don Allah ku ɗan ba mu hanya. Ƙanwata ce, an yi mata rashi."

Layi ya tsage biyu kamar an sa wuƙa. Aka riƙa tura su gaba, ana shafa bayan Noreen. Wata ta danƙa mata kofin shayi, wata ta tura mata biskit a aljihu.

"Glenys," in ji Noreen ta cikin haƙora, "kin ji abin da bakinki ya faɗa?"

"Ba sauri kike ba? Ga shi na sama miki sauri. Mutum dai ba ya iya miki."

Abin haushin shi ne saurin bai samu ba. Matar faston ta riƙe Noreen a ƙofa tana tambayar ranar jana'iza da waƙoƙin da marigayin ya fi so. Noreen ta ce ba a tsayar ba tukuna, wanda kuma gaskiya ne.

Sun iso gindin tudu ke nan agogon coci ya fara bugawa a bayansu. Noreen ta tsaya cak. Ta saurara har ya buga na ƙarshe, sha biyu cif. Tudun nan ba wani dogo ba ne, amma a tafiyar Misis Haworth sai a kai asuba. Ta ga Clifford a zuciyarta, zaune a taga da bargo a kafaɗa, yana duba kowace fuska, tocila a cinya. Ta ga Marisol ta shigo da ɗan kofin magani. Shi kuma ba zai yi gardama ba, zai ce wataƙila ƙafarta ce ta dame ta, ya haɗiye ya kwanta.

Tura ta kai bango.

"Misis Haworth," ta ce, "mijina bai mutu ba."

Tsohuwar ta ɗago kai.

"Yana da rai. Yana can sama, ɗaki mai kallon titi. Yayata ce ta ɗauko farin kati don ba ta gani, ni kuma da kika yi min magana na kasa gaya miki. Ki yafe ni. Ya ce zai jira ni a taga da tocila, amma sha biyu ake ba shi maganin barci. Ga shi ta buga."

Misis Haworth ta ƙura mata ido. Yayyafi na sauka a kan rigar ruwan da ta yi mata yawa. Noreen ta jira kuka, ko fushi, ko irin shirun nan da ya fi duka ciwo.

"Yana da rai," in ji tsohuwar a hankali. Sai muryarta ta tashi. "Yana da rai, yana jiranki a taga, ke kuma kina nan kina jan ƙafa da tsohuwa? Tun daga shagon kifi? Ke wace irin sakarai ce?"

"Ban so in..."

"Ba ki so me? Da Arnold ne a tagar nan, da na bi ta kanku duka na wuce, har faston! Sakar min hannu. Sake ni, na ce!" Ta ɗaga sandarta ta nuna tudu. "Wuce!"

"Je ki," in ji Glenys, ta karɓi hannun tsohuwar. "Ni na ɓata, ni zan kawo ta."

Noreen ba ta yi gudu ba tun tana makaranta, amma daren nan ta yi. Kunnuwan zomo na tsalle a kanta, biskit na farfashewa a aljihu, numfashi na fita da ƙyar. Wasu mata suka yi ƙoƙarin tare ta da gaisuwa, ta ce, "Daga baya!" ta wuce. Da ta sha kwanar ƙarshe ta ɗaga kai ta nemi tagar. Ta san ta sarai, ta biyu daga itacen da ke kusurwa.

Duhu ne a ciki. An ja labule.

Ta tsaya a tsakiyar titi, hannu a ƙugu, tana haki. Ta ɗaga ɗaya hannun duk da haka, ta riƙe shi a sama, ba ta san wa take ɗaga wa ba.

Sai haske ya doke ta a fuska, ba daga sama ba, daga ƙofar gida.

"Hagu, 'yan mata, hagu! Ke mai tsayuwa a titi kamar 'yar sanda, matso nan in gan ki!"

Muryar ta ragu da rabi, amma tasa ce. Clifford na zaune a kujera mai taya a bakin ƙofa, an naɗe shi da barguna har kunne, wata lema a kansa. Mai riƙe da lemar Marisol ce, fuskarta kuwa ba annuri.

"Misis Entwistle," in ji nas ɗin, "don Allah ki zo ki yi wa mijinki magana. Tagarsa a buɗe take, sai ga mata suna wucewa suna cewa Allah ya ji ƙan mai tocila. Wasu har sun kunna masa kyandir a lambu. Na kawo magani, ya ce matacce ba ya shan magani. Ya ce ko in sauko da shi, ko ya sauko da kansa."

"Na zo in ji bayani ne," in ji Clifford. "An ce na mutu, ba wanda ya sanar da ni. Matar mai gyaran famfo ta gan ni ta yar da kyandir ta arce, har yanzu ba ta dawo ba. To, uwargida, yaushe abin ya faru? Na sha wuya?"

Noreen ta so ta yi masa faɗa a kan sanyi da yayyafi. Ta so ta ba shi labarin Glenys da Trevor da matar faston, tun daga farko, da duk haushin da ke cikinta. Amma numfashi bai ishe ta ba. Ta durƙusa a gaban kujerar ta ɗora goshinta a kan bargon, kunnen zomo ɗaya ya shiga masa hanci.

"Kin makara," ya ce, ya dafa kanta.

"Na sani."

"Da ban mutu ba, da kin tarar ina barci."

Ya ce ta juya ya ga katin. Ta juya, tana durƙushe. Ya ce shi zai cire da kansa. Yatsunsa ba su da ƙarfi yanzu, fil ɗin Glenys kuma masu taurin kai ne kamar mai su. Ya daɗe a kan na farko. Marisol ta miƙo hannu za ta taimaka, ya ce a'a. Noreen ta bar shi, ruwa na gangara mata ta wuya, tana jin yatsunsa suna lalube a bayanta. Tun da aka busa usur, yanzu ne kawai ba ta sauri.

Da ya gama ya haska katin da tocila ya karanta.

"Ko sunan ba ta iya ba. Harafi ɗaya ta cinye." Ya juya shi gaba da baya. "Amma kati ne mai kyau, ruwa ba ya cin sa. Ki ajiye, kada a yi asara. Baɗi sai ki ƙara harafin kawai."

"Rufe min baki, Clifford."

"Ina dai faɗa ne."

"Na ce ka rufe min baki."

Ta karɓe katin daga hannunsa. Akwai kwandon shara a jikin ƙofa, ta dube shi. Sannan ta ninke katin biyu ta tura a aljihu, cikin garin biskit.

Can sai ga Glenys da Misis Haworth sun ɓullo daga kwana, suna tafe suna gardama a kan hanyar da ta fi sauƙi. Tsohuwar ta zo har gaban kujerar, ta ƙare wa Clifford kallo daga sama har ƙasa.

"Kai ne marigayin?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Na yi maka kuka a gada, na gaske, ba na wasa ba. Ka riƙe shi, ba zan sake wani ba."

"Na gode. An taru dai?"

"Gada ta cika. Wani ƙato har da jawabi."

"Trevor!" in ji Noreen, ta dafe kai. "Yana can har yanzu, kuma ya kira matarsa. Kafin gari ya waye ta toya kek ɗin zaman makoki. Glenys, ke za ki kira shi."

"Ni? In ce masa me?"

"Abin da kika ce wa matan layi, ki juya shi."

"Ku bar shi zuwa safe," in ji Clifford. "Ina so in ji me zai faɗa a kaina in an zauna."

Amma muryar ta yi ƙasa a ƙarshen maganar, Noreen kuma ta ga yadda ya damƙe hannun kujerar. Marisol ma ta gani. Ta miƙa wa Noreen lemar, ta juya kujerar ba tare da neman izinin kowa ba. Wannan karon bai yi gardama ba.

Glenys da Misis Haworth suka ce za su ƙarasa tattakin, tunda an fara. Noreen ta bi kujerar ciki.

A ɗaki ya sha maganinsa, ya riƙe hannunta, ya ce ta ba shi labarin jawabin Trevor kalma bayan kalma. Ba ta kai rabi ba barci ya ɗauke shi, tocila na nan a gefen matashi. Ta ɗan buɗe labule. A ƙasa 'yan bayan tattaki suna wucewa ɗaya-ɗaya, wasu suna tsayawa a lambu.

Sai ta lura da wani jan haske yana ɗaukewa yana dawowa a jikin bango, a kan gado, a kan fuskar Clifford. Kunnuwan zomonta ne. Ta cire su, ta juya su sama da ƙasa, ta danna nan ta danna can, ta rasa inda ake kashewa. Glenys ce ta kunna mata su a mota. Ta yi tsaki a hankali don kada ya farka, ta cusa su ƙarƙashin matashin kujera ta zauna a kai.